Wai me ɗalibai baƙar fata ke nema a jami'o'in Amurka, bayan an riga an buɗe musu ƙofa?

Tun da Trump ya dawo mulki a Janairun 2025 ya saka ƙafar wando ɗaya da shirye-shiryen nan na yaƙi da wariya da ake kira DEI, labarin da ke ta fitowa daga jami'o'in Amurka shi ne an rufe wannan ofis, an soke wancan tallafin karatu, ɗalibai baƙar fata sun fito da kwalaye suna zanga-zanga. Kuma duk sanda maganar ta taso a majalisarmu ta mai shayi sai wani ya ce haba, waɗannan mutane ƙorafi ya yi musu yawa, kana Amurka, kana jami'ar da ba a ɗauke wuta, ba yajin aikin ASUU, har baƙin mutum ya yi shekara takwas a Fadar White House, to me kuma ya rage? Wani ma cewa ya yi a ba shi gurbin ɗaya daga cikinsu ya ga ko zai yi zanga-zanga.

Tambayar ba ta banza ba ce, ni ma na taɓa yin ta. Amma amsar tana da tsawo, kuma sai an koma baya kaɗan kafin a gane abin da yaran nan ke cewa.

Wace wariya ake magana a kai, tunda doka ta hana?

Wariya iri biyu ce ake cakuɗawa. Ta farko ita ce wadda doka da kanta ta tsara, wato a rubuce yake cewa baƙi ba zai shiga makaranta kaza ba, ba zai ci abinci a teburi kaza ba. Wannan ta mutu a takarda, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati a 1954, sannan dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta zo ta ƙarasa binne ta. Yau babu jami'ar da za ta fito ta ce ba ta ɗaukar baƙar fata.

Ta biyun ita ce ake rigima a kanta yanzu, kuma ta fi wuyar kamawa da hannu. Wani ɓangarenta cin mutunci ne na ido da ido, kamar a wuce ka a mota a jefe ka da kalmar nan mai farawa da harafin N, wadda masu bayi ke kiran bayinsu da ita. Wanda bai san nauyin kalmar ba zai ce ai zagi ne kawai, a share. To ka tuna yadda a wasu garuruwanmu har gobe ana fasa aure in bincike ya nuna wai asalin gidan su yaro bayi ne, sannan ka ƙaddara wani ya tsaya a bainar jama'a yana kiran ka da wannan sunan, kuma kakanninsa ne suka mallaki naka. Ɗaya ɓangaren kuma ba mutum ɗaya ke yin sa ba, tsari ne da aka gada. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar iyalin farar fata da ke tsaka-tsaki ta kai kusan dala 285,000, ta baƙar fata kuma wajen dala 44,900. A Amurka kuwa kuɗin makarantun firamare da sakandare na gwamnati kaso mai yawa daga harajin gidajen unguwa yake fitowa, saboda haka unguwar talakawa makarantar talakawa take samu, kuma shekara da shekaru bankuna da gwamnati sun hana baƙaƙe rancen sayen gida a unguwanni masu kyau. Yaro ya taso a haka, ya yi ta fama har ya shiga jami'a, sai ya tarar shi kaɗai ne baƙi a aji, zai iya gama digiri bai taɓa zama gaban lakcara mai kama da shi ba, masu gadin makaranta su ne ke tsayar da shi su ce ya nuna katin shaida alhali abokansa sun wuce ba wanda ya kalle su.

Shi kuma DEI ɗin da ake ta faɗa, taƙaitawa ce ta kalmomi uku na Turanci, ma'anarsu a samu mutane iri-iri, a yi adalci wajen rabon dama, kuma kowa ya ji ana damawa da shi. A aikace dai ofisoshi ne da ma'aikata da kasafin kuɗi, masu karɓar ƙorafin wariya, masu shirya bita, masu kula da cibiyoyin ɗalibai marasa rinjaye. Da yawansu zanga-zangar ɗalibai ce ta haife su.

Daga ina abin ya faro?

Bari in fara da wani saurayi mai suna Lloyd Gaines, don sunansa zai sake dawowa. A shekarun 1930 ya nemi karatun lauya a Jami'ar Missouri, aka ce ba a ɗaukar baƙi amma jiha za ta biya masa ya je wata jihar ya yi. Ya ƙi, ya kai ƙara, a Disambar 1938 Kotun Ƙoli ta ce ko dai a ɗauke shi ko jihar ta samar da makarantar lauyoyi ta baƙaƙe a cikin gida. Wata uku bayan nan, a Maris 1939, ya fita daga masaukinsa a Chicago ya ce zai je sayo kan sarki, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Jami'ar ba ta ɗauki baƙar fata ba sai 1950.

Zanga-zangar ɗalibai irin wadda muka sani kuma, yawanci ana ɗaura mata asali ne daga ranar 1 ga Fabrairun 1960, lokacin da samari huɗu 'yan aji ɗaya na kwalejin baƙaƙe ta North Carolina A&T suka shiga kantin Woolworth a garin Greensboro suka zauna a kujerun cin abinci na farar fata suka ce a ba su kofi. Aka hana su, suka ƙi tashi. Washegari suka dawo da ƙarin mutane, kafin wata biyu abin ya bazu garuruwa da dama na kudanci, a watan Yuli kantin ya sauko. A 1962 sai da Shugaba Kennedy ya tura dubban sojoji kafin James Meredith, tsohon sojan sama, ya iya yin rajista a Jami'ar Mississippi, mutum biyu suka mutu a tarzomar daren, ɗaya ɗan jarida ne Bafaranshe. A 1963 gwamnan Alabama George Wallace da kansa ya tsaya a bakin ƙofa don kar Vivian Malone da James Hood su shiga.

Duk wannan faɗan a bar mu mu shiga ne. Wajen 1968 sai salon ya canza, don waɗanda suka shiga sun tarar an ba su kujera amma gidan ba nasu ba ne, manhajar tarihi ba Afirka a ciki, adabi ba marubucin baƙar fata ko ɗaya. A kwalejin San Francisco State ɗalibai suka yi yajin aiki na wata biyar daga Nuwambar 1968 zuwa Maris 1969, wanda ya kai ga kafa tsangayar nazarin al'ummomi marasa rinjaye ta farko a ƙasar. A Cornell, Afrilun 1969, bayan an ƙona gicciye a gaban gidan kwanan 'yan mata baƙaƙe, wanda alama ce ta 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar farar fata masu ta'addanci kan baƙaƙe, ɗalibai suka mamaye wani gini na tsawon awa 36 suka fito riƙe da bindigogi, hoton ya zagaya duniya, shugaban jami'ar ya yi murabus daga baya. Kuma an zubar da jini, 'yan sandan jiha sun kashe matasa uku a Orangeburg a Fabrairun 1968, an kashe biyu a kwalejin baƙaƙe ta Jackson State a Mayun 1970, kwana goma sha ɗaya bayan kisan ɗalibai huɗu farar fata a jami'ar Kent State. Na Kent State kowane ɗan makaranta a Amurka ya san shi, na Jackson State kuwa sai ka tambaya.

Missouri, 2015: yadda ɗalibai suka kori shugaban jami'a cikin wata biyu

In ana son a ga yadda abin ke aiki daga ciki, babu misalin da ya kai wannan. Jami'ar Missouri da ke garin Columbia, wadda suke kira Mizzou, baƙaƙe kusan kashi 7 cikin 100 ne na ɗalibanta a lokacin, malamai baƙaƙe kuma wajen kashi 3. Tun a Fabrairun 2010, cikin watan da ake tunawa da tarihin baƙar fata, aka wayi gari an watsa ƙulle-ƙullen auduga a gaban cibiyar al'adun baƙaƙe, cibiyar da ke ɗauke da sunan Lloyd Gaines ɗin can. Mu a nan auduga amfanin gona ce, a Funtua ma arziki ce, amma a can saƙon shi ne ku koma gonar da kakanninku suka yi bauta. Ɗalibai biyu farar fata aka kama, a ƙarshe laifin da suka amsa a kotu shi ne zubar da shara.

Sai ga Agustan 2014, ɗan sanda ya harbe Michael Brown ɗan shekara 18 a Ferguson, tafiyar awa biyu a mota daga makarantar. Ɗaliban Mizzou da dama sun je can sun sha hayaƙi mai sa hawaye, sun dawo sun koyi yadda ake haɗa gangami.

A Satumbar 2015 shugaban ƙungiyar ɗalibai na duk jami'ar, Payton Head, wanda baƙi ne, ya rubuta a Facebook cewa yana tafiya wasu mutane a bayan a-kori-kura suka yi ta jifan sa da waccan kalma. Ka ji fa, zaɓaɓɓen shugaban ɗalibai. Hukumar makaranta ta ɗauki kwanaki kafin ta ce uffan. Farkon Oktoba wani ɗalibi farar fata a buge ya kutsa inda ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe ke gwajin wasan kwaikwayo ya maimaita musu kalmar.

Ranar 10 ga Oktoba ake faretin bikin dawowar tsofaffin ɗalibai, wanda a wurinsu kamar hawan sallah ne, gari ya cika, ana kiɗa, iyaye da yara a gefen titi. Shugaban gamayyar jami'o'in jihar guda huɗu, Tim Wolfe, yana zaune a jar mota mai buɗaɗɗen kai ana tuƙa shi. Sai wasu ɗalibai baƙaƙe su goma sha ɗaya suka sarƙe hannuwa suka tare gaban motar, da lasifika a hannu suna karanto tarihin wariya a makarantar shekara bayan shekara. 'Yan kallo suka fara rera taken makaranta da ƙarfi don su danne muryarsu, wasu suka shiga tsakani suna ture su. Shi kuwa Wolfe yana zaune, bai sauko ba, bai ce komai ba, har 'yan sanda suka zo suka kawar da yaran. Ni a ganina a nan ya rasa kujerarsa, ko da yake sai bayan wata guda ya sani. Mutumin daga harkar kamfanonin kwamfuta aka ɗauko shi, ba malami ba ne, kuma da ya buɗe ƙofar motar nan ya tsaya minti biyar ya saurara wataƙila da ba mu san sunansa ba yau.

Yaran suka sa wa kansu suna Concerned Student 1950, don tunawa da shekarar da aka fara ɗaukar baƙi. Suka fitar da buƙatu takwas, ciki har da Wolfe ya nemi afuwa ya sauka, a kai yawan malamai da ma'aikata baƙaƙe kashi 10 cikin 100 kafin zangon 2017 zuwa 2018, a ƙara masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a saka darasin wariya a manhaja. Ana cikin haka aka tarar wani ya zana tambarin 'yan Nazi da kashi, kashin mutum fa, a bangon banɗakin wani hostal.

Ranar 2 ga Nuwamba wani ɗalibin digiri na biyu, Jonathan Butler, ya shiga yajin cin abinci, ya ce ko Wolfe ya tafi ko shi ya mutu. Ɗalibai suka kafa tantuna a tsakiyar makaranta. Ranar 6 ga wata suka tare Wolfe a Kansas City suka ce ya faɗa musu me ake nufi da zaluncin da ke cikin tsari, sai ya ba da amsar da ke nuna wai abin yana faruwa ne saboda su ba su yarda suna da dama daidai da kowa ba. Wato laifin tunaninsu ne. An ɗauka a waya, ya bazu.

Duk da haka Wolfe bai da niyyar tafiya. Abin da ya karya shi ya zo ne daren 7 ga Nuwamba, lokacin da 'yan wasan ƙwallon makarantar baƙaƙe kimanin talatin suka saki hoto suka ce ba atisaye ba wasa sai ya sauka. Ƙwallon Amurka nake nufi, wadda ake rungume ta a ruga, ba tamaula irin tamu ba. Washegari kocinsu Gary Pinkel, farar fata, ya ce yana tare da yaransa. Ga wasa da jami'ar BYU ranar 14 ga wata, kuma yarjejeniya ta ce in Missouri ta fasa za ta biya dala miliyan 1. Ranar Litinin 9 ga Nuwamba Wolfe ya yi murabus, kafin yamma shugaban reshen Columbia, Bowen Loftin, shi ma ya ce zai sauka. Butler ya ci abinci. Wanda aka ba riƙon ƙwarya, Mike Middleton, baƙi ne, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe ta makarantar tun 1968.

Tausayi ne ya yi aiki ko kuɗi?

Mutum ya kwana biyar ba abinci hukuma tana ta fitar da sanarwar muna addu'a muna saurare, 'yan ƙwallo suka ajiye takalmi, ba a cika kwana biyu ba shugaba ya tafi. Kowa ya yi lissafinsa. Baƙaƙe 'yan tsiraru ne a aji, amma a filin ƙwallo su ne kusan rabi ko fiye, kuma ƙwallon nan miliyoyin daloli take kawowa ta tikiti da talabijin. A nan ne kaɗai suke riƙe da maƙogwaron makarantar. Haka ma Greensboro, ba wa'azi ne ya sauko da Woolworth ba, cinikin da ya faɗi ne.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba maganar launin fata kaɗai ta kayar da su ba. A Agustan shekarar makarantar ta yanke tallafin inshorar lafiyar ɗaliban manyan digiri ba tare da wani dogon gargaɗi ba, shugabannin tsangayoyi tara sun rubuta takarda suna neman a cire Loftin saboda nasu dalilan. Daman bango ya tsage, yaran sun samu wurin shiga ne.

Abin ya yaɗu kamar wutar daji a wannan watan. A Princeton ɗalibai suka kwana a ofishin shugaba suna neman a cire sunan tsohon shugaban ƙasa Woodrow Wilson, wanda ya raba ma'aikatan gwamnati bisa launi, daga gine-ginen makarantar, aka ƙi a 2016, aka cire a 2020 bayan kisan George Floyd, baƙin da ɗan sanda ya danne wa wuya. Yale ta canza sunan kwalejin Calhoun, babban mai kare bauta, a 2017. A Georgetown aka tono cewa limaman da ke da makarantar sun sayar da bayi 272 a 1838 don biyan bashi. Kuma ba Amurka kaɗai ba, a Maris na 2015 ɗin ɗaliban Jami'ar Cape Town sun riga kowa, wani ɗalibi ya watsa wa mutum-mutumin Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka, bokitin kashi, wata ɗaya cif aka zo da ƙugiya aka ɗauke shi.

Me masu suka ke cewa?

Suna da hujjoji, kuma ba duka ne na ƙiyayya ba. Ranar da Wolfe ya sauka, aka ɗauki bidiyon wata malama mai goyon bayan ɗaliban, Melissa Click, tana kiran a zo da ƙarfafa a fitar mata da wani ɗalibi mai ɗaukar hoto daga wurin tantunan, alhali fili ne na kowa. Malamar sashen sadarwa ce fa. An kore ta a Fabrairun 2016, amma bidiyon nan ya yi wa gwagwarmayar illar da maƙiyanta ba su iya yi ba, don ya ba su abin nunawa cewa masu neman a saurare su ba sa son a saurari kowa. A Yale ma an ga ɗalibai sun zagaye wani farfesa suna masa ihu saboda wasiƙar da matarsa ta rubuta kan kayan da ake sawa a bikin Halloween, bikin da ake yin shigar ɓad-da-kama. Ni dai ban ga yadda za a kare wannan ba. Wasu kuma suka tono cewa mahaifin Butler babban jami'i ne a kamfanin jirgin ƙasa mai albashin miliyoyi, suka ce ɗan gata ne ke kukan zalunci. Magoya bayansa suka ce ai wannan ma hujjarsu ce, mutanen bayan a-kori-kura ba sa tambayar asusun babanka kafin su zage ka.

Akwai kuma baƙaƙen da kansu ba su yarda da wannan hanya ba, irin su alƙalin Kotun Ƙoli Clarence Thomas, wanda ya daɗe yana cewa fifita baƙi wajen ba da gurbi yana sa a riƙa yi wa digirin kowane baƙi kallon na alfarma. Wasu kuma na cewa ofisoshin DEI sun zama wurin cin albashi da shirya bita, ɗalibin da ya kasa biyan kuɗin makaranta bai ga komai ba.

Ita kanta Mizzou ta ji jiki. Cikin shekara biyu sababbin ɗalibai suka ragu da fiye da kashi 35 cikin 100, aka rufe hostal bakwai na wani lokaci, aka soke guraben aiki sama da 400. Iyaye farar fata suka ce makarantar ta zama ta 'yan tada zaune tsaye, iyaye baƙaƙe suka ce ashe gidan wariya ne, kowa ya janye ɗansa, kuma raguwar ta fi yawa a ɓangaren baƙaƙen. Har wani ɗan majalisar jiha ya kawo ƙudurin a ƙwace tallafin karatun duk ɗan wasan da ya ƙi buga wasa, ko da yake ya janye daga baya.

Hukuncin 2023 da abin da ya biyo baya

Shekara da shekaru manyan jami'o'i na duba launin fata a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan da ake la'akari da su wajen ba da gurbi. Ɗan Najeriya ba sai an yi masa dogon bayani ba, mun san tsarin da ke ware kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, kuma mun san irin maganar da ake gaya wa ɗan Arewa a kan haka. Gardamar iri ɗaya ce, wani ya ce gyaran tarihi ne, wani ya ce ɗana ya fi maki an hana shi. A Amurka waɗanda aka shigar da ƙara da sunansu ɗalibai ne 'yan asalin Asiya, suka ce Harvard na danne su. Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya ta haramta tsarin.

Shekarar farko bayan hukuncin, baƙaƙe cikin sababbin ɗaliban jami'ar fasaha ta MIT suka faɗo daga kashi 13 zuwa 5, a kwalejin Amherst daga 11 zuwa 3, wasu kamar Yale da Princeton kuma ba su ga wani canji sosai ba a shekarar. Abin da ke ƙona wa ɗalibai rai shi ne hukuncin bai taɓa alfarmar da ake yi wa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da masu ba da gudummawa ba. Takardun da shari'ar ta bankaɗo sun nuna kusan kashi 43 cikin 100 na farar fatar da Harvard ta ɗauka 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikata, ko waɗanda ke cikin jerin sunayen alfarma. Wa ka sani, a taƙaice, sai dai nasu a rubuce yake.

Jihohin Florida da Texas suka yi dokar hana ofisoshin DEI a jami'o'in gwamnati tun 2023, sannan Trump ya zo ya ɗora da barazanar janye kuɗin tarayya daga duk makarantar da ta ƙi.

To ina ruwanmu?

Akwai ruwanmu. Ɗaliban Najeriya a Amurka sun haura 20,000 a zangon 2023 zuwa 2024, babu ƙasar Afirka da ta kai haka. Kafin a buɗe ƙofofin nan, ɗan Afirka sau da yawa makarantun baƙaƙe ne ke karɓar sa, Azikiwe da Nkrumah duk a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania suka yi digiri. Dokar shige da fice ta 1965 da ta soke fifita Turawan Yamma ita ma 'yar zamanin gwagwarmayar nan ce. Yaron da ya tashi daga Kano ko Zinder ya sauka a Boston yau, a kan tabarmar da wasu suka shimfiɗa da jininsu yake zaune, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma a nan akwai wata 'yar tsama da ba a cika faɗa ba. Tun 2004 wasu manyan farfesoshi baƙaƙe biyu na Harvard, Henry Louis Gates da Lani Guinier, suka ja hankali cewa mafi yawan ɗalibai baƙaƙe a makarantar 'yan ci-rani ne daga Afirka da Karebiyan ko 'ya'yansu, ko kuma ruwa biyu, ba jikokin bayin Amurka ba. Wato waɗanda suka sha dukan daban, waɗanda suka fi cin moriyar daban. Sannan wasu namu su je can su riƙa yi musu kallon malalata, suna cewa ni ban taɓa ganin wariya ba. Wataƙila da gaske bai gani ba, wanda ya girma inda kowa baƙi ne, sarki baƙi, alƙali baƙi, likita baƙi, bai saba karanta irin waɗannan alamu ba, a watsa masa auduga a ƙofa sai ya ce iska ce ta kawo. Amma ɗan sandan da ya tsayar da shi da dare ba ya tambayar ko daga Gwale yake ko daga Mississippi, in kuma sunansa Muhammad ne ko matarsa na sa hijabi to kaya biyu ya ɗauka. Ofishin da zai kai ƙara in mai gidan haya ko wani lakcara ya yi masa ba daidai ba, da cibiyar da zai je ya samu 'yan uwa ranar da kewar gida ta kama shi, da wasu tallafin karatun da ake warewa baƙaƙe, su ne ake rufewa yanzu.

A Missouri ɗin ma haka aka yi. Ranar da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci babban lauyan jihar ya aika wa jami'o'i takarda su daina duba launi har a tallafin karatu, kuma suka bi. Kashi 10 na malamai baƙaƙe da yaran suka nema ba a kai ba. A 2024 jami'ar ta rushe sashen DEI ɗin da aka gina bayan zanga-zangar 2015, ta rarraba ma'aikatansa wasu ofisoshi. A shekarar ne kuma aka ce wa ɗalibai baƙaƙe walimar gashin naman da suke yi duk farkon zango don tarbar sababbin shiga, mai suna Welcome Black BBQ, sai an canza mata suna. Aka mayar da ita Welcome Black and Gold, wato baƙi da ruwan zinare, launin rigar 'yan ƙwallon makarantar.